Shekarar da Kawu Nikanor Ya Karya Ƙafa

Kawuna Nikanor Pech manomin masara ne mai kiwon zuma a ƙauyenmu na gabashin Yukatan. Mutum ne da bai iya zama wuri ɗaya ba, sai shekarar da ya faɗo daga rufin ɗaki ya karya ƙafa.

Tsakiyar rani ne. Aka ɗaura masa ragar kwanciya a ƙofar baya, inda babu abin kallo sai sarƙaƙiyar ciyayi da ƙananan itatuwa. Kowace safiya wasu 'yan tsuntsaye masu launin ƙasa ke sauka suna tsintar 'ya'yan ciyawa. Da fari jifarsu yake yi da ɓawon lemo don haushi. Da ya gaji, sai ya koma kallonsu.

Wata rana ya kira matarsa, Inna Eduviges, tana cikin gasa wainar masara.

"Zo ki ga wancan mai guntuwar wutsiya. Shuɗi ya fito masa a kafaɗa."

"In bar waina ta ƙone don tsuntsu ya yi sabuwar riga?"

"Asuleho ne fa."

"Asuleho shuɗi ne daga kai har wutsiya, Maigida. Ƙafa ka karya ko ido?"

Duk garin haka muka sani: asuleho, shuɗin tsuntsun nan mai zaƙin murya, yakan bayyana gab da ƙona gonaki, ya kuma ɓace. Masu launin ƙasan kuwa ba wanda ya taɓa damuwa da sunansu.

Kawu bai ja da ita ba. Ya roƙe ta ta riƙa watsa musu tsaki. Shuɗin da ke jikin mai guntuwar wutsiyar ya yi ta yaɗuwa, daga kafaɗa zuwa ƙirji, har ya rufe kai. Wasu suka bi sahunsa, wasu suka tsaya yadda suke. Kawu ya ce waɗannan su ne matan.

Wata safiya Inna ta daɗe tsaye a ƙofa, kwano a hannu.

"Shi ne, asuleho ne," in ji ta. "Gajeren bakin nan mai kauri bai canza ba. Wato mata na ta fama, ku kuna ado."

Kafin ruwan farko duk suka tafi. Aka kwana biyu. Sai ɗansu Wilberth, da ke aikin gona can arewa a Amurka, ya bugo waya, Kawu ya ba shi labari.

"Baba, ai suna nan," in ji Wilberth. "Kan wayar wuta a bakin gona, rana na dukansu suna ta waƙa."

Kawu ya sa ya maimaita, ya tambayi abin da suke ci a can, da ko akwai daji kusa.

Ƙafar ta warke da ɗan ɗingishi, ya koma wajen zumarsa. Yanzu idan damina ta ja baya, shi ne ke fara ganin isowarsu, tun suna launin ƙasa. Yakan bi gida gida yana faɗa, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.