Da Ni Da Jatau, Daga Kahu Zuwa Wurin Likitar Ɓeraye

Ranar Litinin, ƙarfe biyar da kwata na asuba, na kwance Jatau, san huɗata, muka bar Kahu a ƙasa. Bara akori-kura ta kife da mu a hanyar kasuwa, abokin huɗarsa Duna ya mutu nan take. Tun ranar, in Jatau ya ji ƙugin mota sai ya ja garma ya yi daji, gonarmu kuwa a bakin titi take. Yayana Alhaji Sale, wanda muke tarayya a san, ya yanke hukunci: in bai yi huɗa ran Alhamis ba, sai mahauta. Na ce ban yarda ba, sai na kai shi Rano wurin likita tukuna.

Kibiya

Ƙarfe takwas saura 'yan sintiri suka tare mu.

"Baba, san nan naka ne?"

"Wane ɓarawo ne zai saci matsoraci?"

Suna cikin dariya sai ga motar 'yan siyasa da lasifika. Jatau ya faɗa kwalbati. A ciki ya same ni, don na riga shi. Na ce musu duba zurfinta na shiga yi. Na sha koko da ƙosai uku, muka miƙa.

Rano

Sha biyu da rabi muka isa gidan aminina Malam Idi. 'Yarsa Rabi likitar dabbobi ce, ta yi shekaru a jami'a tana binciken ƙwaƙwalwar ɓera. Ni da na tsaya a aji huɗu, abin da na san ana yi wa ɓera tarko ne, ashe har digiri ake yi a kansa.

Ta ce suna shaƙa wa ɓeraye warin kyanwa su firgita. Bayan kwanaki wasu su warware, wasu su maƙale a lungu ko abinci ba sa ci sosai. A ƙwaƙwalwar masu warwarewar akan sami wani sinadari da yawa, cikin dangin da ake kira feftayid, mai kwantar da firgici.

Na ce, "Madalla. Ɗura wa Jatau kwalba biyu."

"Baba, a ɓeraye ake gwaji tukuna, babu allurar shanu. Amma dabbar da ta firgita takan fi saurin sakewa in ana kusanta ta da abin tsoron kaɗan-kaɗan, ga wani natsattse a gefenta. Wa ke riƙe masa igiya in mota ta taho?"

"Ni."

Ta dubi taɓon kwalbati a gwiwar wandona. "Yaushe rabonka da shiga mota?"

Na ce tafiyar ƙasa na ƙara lafiya. Malam Idi ya ce, "Ƙarya kake, tsoho, ko ɗaurin auren ɗana a Kano ba ka zo ba."

Ban musa ba. Har yau ina jin kukan Duna a ƙarƙashin ƙarfe.

Rabi ta sassauta murya. "Ta igiyar nan yake jin tsoronka, Baba."

Da la'asar ta tsayar da mu taku hamsin daga tasha, tafina a kan tozonsa. Mota tara ta wuce. Ya zabura sau shida, ni sau bakwai, amma babu wanda ya gudu. Muka kwana, aka cika ni da tuwon dawa da miyar kuka.

Komawa

Talata ƙarfe shida muka juyo. Duk motar da ta taho sai in kafe ƙafa, in yi salati, in ce, "Jatau, kai dai ka ji kunyar ɓera." Da farko mukan tsaya taku talatin daga titi, sannan ashirin. Kafin Kibiya mun dawo goma. 'Yan sintiri suka tambaya ko zan sake auna kwalbati, na ce na gama wannan kwangilar. Ƙarfe uku muka shiga gida.

Ran Alhamis muka haɗa shi da san maƙwabci. Alhaji Sale ya kama garma, ni ina gaba da igiya, mahauci na zaune a gindin ɗorawa da hularsa a gwiwa. Muna tsakiyar gona sai ga tirela. Na damƙe igiya, ban tsaya ba. Jatau ya yi huci, ya biyo ni har ƙarshen layi.

Mahauci ya sa hularsa ya hau kekensa.

Ina godiya ga Allah, da Malam Idi, da Rabi, da ɓerayen da ban taɓa gani ba. Layi ɗaya ya karkace a gonar, yana nan kowa na gani daga titi. Alhaji ya ce Jatau ne. Na ce a rubuta shi da sunana.