But ɗin da Kolo Bai Taka Ba

Gyara alƙalaminki, Umaima, yau labarin Kolo mai korar shanu za ki rubuta, yadda na faɗa, kar ki yi masa ado.

Kolo mutumin wani ƙauye ne a bayan Haɗeja. Shekara talatin yana karɓar shanun fatake a kasuwar Kafin Hausa, ya kora su a ƙasa har Birniwa, kwana huɗu ta cikin fadama. Abin da yake ci da shi ɗaya ne: ba a taɓa kama shanunsa a gonar wani ba. A fadama kuwa idan aka yi ɓarna, sawu ake dubawa. Wanda aka ga sawunsa, ko ya yi rantsuwa, fatake sun daina ba shi dabba.

Takalminsa wani kambas ne na gwanjo, mara nauyi, ƙasansa ya suɗe tas. In ya tsallaka ruwa, kafin la'asar ya bushe. Ƙaya dai tana huda shi, maciji kuma kambas ba ya hana shi sara.

Wata damina Alhaji Abdulfattah, falken da ya fi ba shi shanu, ya miƙo masa kwali. Takalmin but ne sabo, mai wuya har ƙwauri.

"Kolo, ka tsufa da taka ƙaya. Sa wannan."

Kolo ya yi godiya. Amma shekara goma ke nan Alhaji ko goro bai taɓa ba shi ba. Da ya isa gida ya juya takalmin, sai ga tauraro a dugadugi, zane mai zurfi.

Matarsa Ma'u ta ce, "Malam, sa abinka. Bara kububuwa ta kusa mayar da ni gwauruwa."

"In ya sha ruwa, kwana nawa zai bushe? Kowace ƙafa kamar na ɗaura turmi."

"Nauyin ne ya dame ka?"

"Duba nan. Duk fadamar nan wa ke da sawu mai tauraro? Kuma a tsakiyar kasuwa ya ba ni, kowa na kallo."

"Kai ko zuma aka ba ka sai ka shinshina."

Kolo ya mayar da takalmin cikin kwali. Ya san Alhaji yana da wani garken da ƙaninsa ke bi da shi ta hanyar yanke, gefen gonakin shinkafa. Ranar tafiya ya ɗauki kwalin ya biya gidan Bulama, mai garinsu, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ajiye mini wannan sai na dawo." Ya ɗaure tsohon kambas ɗinsa ya bi burtali.

Ya dawo yana ɗingishi, ƙaya biyu a tafin ƙafa, ya tarar ana jiransa a ƙofar Bulama. Shanu sun cinye shinkafar wani manomi, Bunu, kuma ga tauraro kwance a laka daga bakin gona har tsakiya.

Bunu ya ce, "Kowa ya ga an ba ka takalmin, Kolo."

Bulama ya sa aka fito da kwalin. Takardar da aka cusa cikin takalmin tana nan, ƙasansa ko ƙura babu. Wani ya ce ashe ba takalmi ɗaya aka sayo ba. Aka aika wa Alhaji, ya ce shi kyauta ya yi don Allah, kanti kuma ba shi kaɗai yake sayar wa ba. Ba a kama kowa ba.

Kolo bai ƙara karɓar shanun Alhaji ba, sauran fatake kuwa ba wanda ya janye nasa. But ɗin yana rataye a ɗakin Ma'u, tana ajiye irin kuɓewa a ciki. Shi kuma har yau, in ka yi masa sallama, ƙafarka yake fara dubawa kafin ya amsa.