Shekarar da Ma'azu Ya Watsa Irinsa

Shekara talatin da ɗoriya gonata tana iyaka da ta Ma'azu, a jigawar da ke gabas da Gure. Ban taɓa zama da mutumin da ya kai shi ba ni haushi ba, kuma tun da ya rasu ban yi kewar kowa kamarsa ba. Sunana Ibram. A unguwarmu marowaci suke ce mini a bayan idona, ni kuwa tattali nake kiran abin.

Ma'azu dogo ne siriri, mai tafiya kamar yana neman abin da ya yar. Da damina noma, da rani ya ɗora wa jakinsa kanwa daga wajen Gidigir ya kai Damagaram. Cutarsa biyu ce: bai iya hanawa ba, bai kuma iya ƙaryata mutum ba. Ya taɓa dawowa daga fatauci ba riga, wai ya gamu da wani yana rawar sanyi a bakin rijiya. Ya taɓa yini yana haƙa a gindin wata adua don wani Buzu ya ce masa akwai ruwa kamu uku. Da ba don matarsa Ya Kaltumi ba, da tuni ya ba da rufin ɗakinsu sadaka.

Shekarar da fara ta cinye gonaki, yunwa ta sa mutane suka daka har irin shukarsu. Ya Kaltumi ce ta ƙwaci ƙwarya uku ta gero, ta zuba a tulu da toka, ta liƙe bakin da laka, ta ɓoye wa mijinta inda ta aje. Ni ma ina da tulu biyu a binne ƙarƙashin turken jakina. Duk wanda ya zo roƙo nakan nuna masa tafin hannuna in ce ko ƙwaya babu. Haka na gaya wa ƴan'uwana, haka na gaya wa gardin kumandan, dogarin Bature mai mulki, da ya zo duba rumbuna.

Da ranin nan Ma'azu ya tafi Damagaram da gyambo a ƙwauri. Aka nuna masa gidan wasu Turawan mishan masu wanke miki, waɗanda sai sun ba mutane labari kafin su ba su magani. Bayan kwana ashirin ya dawo ƙafa ta yi dama, baki kuwa har kunne. Ya same ni ina gyara ƙotar sungumi.

"Maƙwabci, aje wannan," in ji shi. "Ashe wahalar banza muke sha tun kakanni."

Ya zauna ya kwashe mini labarin. Wai Baturen ya buɗe littafinsa, ya ce Annabi Isa ne ya ba da labarin wani manomi da ya fita shuka. Mutumin bai sari rami ko ɗaya ba, watsa iri ya yi ta yi da hannu. Wanda ya faɗi a hanya tsuntsaye suka tsince, na kan dutse rana ta ƙone, na cikin ƙaya ya shaƙe, amma wanda ya samu ƙasa mai kyau, ƙwaya ɗaya ta ba da ɗari.

"Daga nan sai me?" na ce.

"Daga nan aka kira ni wankin ƙafa. Amma ai magana ta riga ta fito."

Na ce masa, "Malam Ma'azu, ɗari kuma abin murna ne? Murza zangarniya ɗaya ka ƙirga, ta fi dubu. Wannan manomin asara ya yi."

Ya dube ni da tausayi. "Zangarniya ɗari ake nufi, Ibram. Annabi guda zai tsaya ƙirga ƙwaya?"

Ya riga ya gama lissafinsa tun a hanya. Gonarsa ba dutse, ƙaya zai share, hanyar da ta ratsa ta kuwa zai toshe. In an cire ukun nan, me ya rage in ba ƙasa mai kyau ba? Na yi dariya har na ƙware. Ban ɗauka zai yi ba, don na san tulun yana hannun Ya Kaltumi.

Sai ga aike daga Gamu cewa ɗiyarsu ta haihu. Ya Kaltumi ta ga hadari ya fara haɗuwa, ta ga ba makawa, ta nuna masa tulun ta tafi. Kwana huɗu da tafiyarta aka kwana ana ruwa.

Kowa ya san yadda ake shuka a wurinmu. Namiji ya wuce gaba yana sara da sungumi, na baya ya tsinko iri da yatsu uku ya jefa a rami, ya rufe da diddige. Ba ka barin ƙwaya a fili ko ta ƙiftawar ido. To a safiyar nan na ɗaga kai na hangi Ma'azu a tsakiyar gonarsa sanye da rigarsa ta Juma'a, ƙwarya a hammata, yana wurgi dama da hagu kamar mai ba kaji dawa. Na yi masa ihu, ya ɗaga mini hannu yana sa mini albarka. Kafin hantsi masu shuka na gonaki biyar sun aje aiki sun zo kallo. Kafin azahar kurciyoyin ƙasar Gure duka sun ji labari, zabin maƙwabta suka ratso ta shingen ƙayar da ya yi, tururuwa kuma suka ja layi suna jida. Rana ta busar da saman rairayi. Abin da ya tsiro bayan kwana biyar bai fi faɗin tabarma ba, a wani ɗan kwari inda ruwa ya tara shi.

Ya Kaltumi ta dawo ta tsaya a bakin gonar. Na ɓuya bayan jakina ina jiran tsawa, amma ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Malam, wata bakwai ina kwana da yunwa a kan tulun nan." Ta juya ta tafi gida. Daga ranar dariyar ta fita raina.

Bayan la'asar Liman Manzo ya sa Ma'azu ya maimaita labarin a ƙofar masallaci. Ya saurara yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ma'azu, annabawa ba noma aka aiko su koyarwa ba. Ni ban ga littafin Baturen ba, amma wannan misali ne. Irin magana ce ta gari, gonar kuwa zukatan mutane. Wata zuciyar hanya ce, kowa ya bi ta kanta. Wata hidimar duniya ta shaƙe ta. Wata dutse ce, ko me ka zuba ba ya shiga." Da ya faɗi dutse sai na ga rabin sahun sun waiwayo wajena. Na yi kamar ina gyara hula.

Ma'azu ya ce, "Ashe da na bari ya gama." Mutane suka fashe da dariya, shi ma ya taya su.

Amma maganar ba ta dariya ba ce. In ruwa na biyu ya sauka bai sake shuka ba, shekarar ta wuce shi. Ya zaga gari neman iri, kowa ya riga ya zuba ɗan abin da yake da shi a ƙasa. Ni bai tambaye ni ba, don na taɓa ce masa babu, shi kuwa ya yarda. Wannan yardar ta fi zagi ciwo. Na ji yana cikiyar mai sayen jaki, wai zai bar Ya Kaltumi wajen ɗiyarsu ya gangara Barno neman ƙodago, da ƙafar da ba ta gama warkewa ba.

Ruwan ya sauka ranar Talata. Laraba da hantsi, mata na dawowa daga rijiya, na kwance jakina na tumɓuke turken na hau haƙa. Na so in yi a ɓoye, amma ƙasa ba ta jira. Tulun da ya rage bayan na shuka ɗayan ya fito a gaban idon jama'a, har da ƙanena da na rantse masa babu. Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah, jakin Ibram gero yake kashi." Na cika ƙwarya har ta yi tozo, na danƙa wa Ma'azu, na saɓi sungumina na ce muje, ni zan sara, don ban yarda da hannunsa ba.

Ba mu yi taku hamsin ba ya tsaya a ƙofar Salamatu, wadda mijinta ya mutu cikin yunwar, ya zuba mata tafi biyu a gefen zane. Gaba kaɗan ya ɗibar wa Usmanu makaho, wai jikokinsa za su shuka masa. Da na ga ya nufi gida na uku sai na sha gabansa.

"Kai wane irin mutum ne? Mutuncina na tona na ba ka, kana rabo a hanya! Wa ya ce maka za su shuka? Salamatu yau za ta daka shi."

"Mai yiwuwa," in ji shi. "Ni ban iya gane mai kyau da ido ba, maƙwabci, sai na zuba. Kai ma ai jiya kowa cewa yake ba abin da zai tsiro a wurinka."

Na karɓe ƙwaryar daga hannunsa don kada ta ƙare, na ga saura rabi da ɗan kai. Muka wuce gona, Ya Kaltumi tana can tana jira ta ɗaure ɗamara. Na miƙa mata irin, na shiga gaba da sungumi, ban waiwayo ba har ƙarshen kunya ta fari, don ban so su ga idona.