Shaidar Mai Zuma

Yayata ta yi rabin rayuwarta a kan wata farar kujerar roba a bakin shagon mijinta. Duk wanda ke bin layin bayan tasha ya san ta, amma sunanta na gaskiya sai mu 'yan gida. Masu wucewa Shaida suke ce mata, kuma mijinta ne ya laƙaba mata. Ni ƙanwarta ce, tela, shagona na jingine da nasu. Katako ne kawai ya raba mu, ko tari aka yi a can ina ji.

Mijin ana kiransa Mai Zuma. Haɗin ƙara wa maza kuzari yake sayarwa: zuma, dabino, citta, kanumfari da niƙaƙƙiyar gyaɗa, a dafa su yi kauri, a ɗura a kwalba. Ba shi ya ƙirƙiro ba. Yaya ce ta fara dafa wa kanta bayan haihuwar fari don ta ji ƙarfin jikinta. Wani abokinsa ya lasa, ya yi irin maganar banzar da maza ke yi in sun haɗu, aka yi dariya, kowa ya manta ban da Mai Zuma. Ba a jima ba ya ajiye aikin gadin da yake yi, ya sa aka buga masa hoton zaki ya manna a kwalabe. Ban san ko haɗin na yin abin da ake faɗa ba. Na dai san yana da daɗi a kan burodi.

Wasu masu irin wannan sana'a lasifika suke ɗaurawa a mota suna zuba batsa a titi. Shi ba ya haka, mutum ne mai son a kira shi dattijo. In mai saye ya shigo yana sosa ƙeya, wai abokinsa ne ya aiko shi, sai Mai Zuma ya dafa kafaɗarsa ya juya shi ya kalli ƙofa. Ga Yaya a kujera, ciki a gaba, goyo a baya, wani na rarrafe a ƙafarta.

"Ni ba na talla da baki, ɗan'uwa," haka yake cewa. "Ga shaida nan zaune. Ƙirga da kanka."

Mutumin sai ya ƙirga, ya yi murmushi, ya sayi kwalba. Ita kuma ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Abin da masu saye ba sa gani shi ne bayan shagon. Can take tsayawa tun safe a kan wata ƙatuwar tukunya tana juyawa da muciya, don in aka bar haɗin ko kaɗan sai ya kama. Tururin citta ya sa idonta ja kullum kamar wadda ta yi kuka. Ta wanke kwalabe, ta ɗura, ta goge bakinsu, sannan ta yi wanka ta sa kaya masu kyau ta fito ta zauna a kalle ta. Kayan ma shi ke zaɓa. Wata rana ya kawo mini yadi, yana washe baki.

"Ƙanwata, ki ɗan matse nan gaban, kada ki yi mata buhu."

"Buhu zan yi, in ba ka so ka kai gaba," na ce. "Matar aure ce, ba allon talla ba."

Ya yi dariya ya ce bakina ne ya hana ni miji. Ya ɗauki yadinsa ya kai wa wani tela a bakin kasuwa.

Yaya ba mai dogon buri ba ce. Tun muna yara ba ta iya faɗa ba, in aka ci zalinta ni ke rama mata, ga ni ƙarama. Na taɓa tambayarta me take so a duniya, ta yi tunani sosai ta ce tana so ta sa ƙafafunta a ruwan sanyi, sannan ta yi barcin rana ba wanda ya tashe ta. Na yi mata dariya a lokacin.

A haihuwa ta takwas ta zubar da jini har sai da aka ƙara mata nawa. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta zaunar da su biyu a gabana ta ce mahaifar ta gaji, in aka sake ba ta ce za a fita da rai ba. A wannan asibitin, a wannan zuwan, aka gwada Mai Zuma saboda jirin da yake yawan yi, aka ce ciwon suga ne, ya rabu da zaƙi. Wallahi tun daga ranar ko zumar da ta ɗiga a yatsansa ba ya lasa, sai ya nemi ruwa ya wanke. Likitar nan ce dai ta yi masa magana a kan lafiyarsa, ya bi kamar umarnin uwa. Da na tuna masa abin da aka ce game da matarsa, sai ya ce ai likita ba Allah ba ce.

Yaya ta koma asibitin ita kaɗai, aka sa mata 'yar robar hana ɗaukar ciki a damtse. Ni kawai ta faɗa wa. Waɗannan shekarun su ne mafi kyau da na gan ta a ciki. Kumatunta suka ciko, ta daina dafa ƙugu in za ta miƙe, har takan shigo shagona da rana ta kwanta a kan tarin yadi ta yi minshari, ni kuma in bar keken ɗinki in koma ɗinkin hannu.

Sai wani saurayi ya buɗe kantin magani a tsallaken titi, yana sayar da ƙwayoyin ƙarin kuzari a kwalabe masu sheƙi. Masu saye suka fara raguwa. Auta kuma ta girma har ta shiga makaranta, kujerar Yaya ba ciki ba goyo. Direbobin tasha, waɗanda ba sa barin abin tsokana ya wuce, suka samu na yi.

"Mai Zuma, shiru muke ji! Ko batir ya sauka ne?"

"Tsallaka ka sayi ƙwaya mana, ba za mu faɗa wa kowa ba!"

Yana dariya tare da su, amma ina jin yadda yake buga kwalabe a kan kanta bayan sun tafi.

Wata safiya Yaya tana juya tukunya ta naɗe hannun riga saboda zafi, ya zo wucewa ya ga ɗan tudun a damtsenta. Ya kama wajen ya latsa. Bai ɗaga murya ba, ya san ina ji.

"Matar Mai Zuma da roba a hannu? In wannan ya fita, me za mu ci? Me 'ya'yanki za su ci?"

"Baban yara, ka ji abin da likita ta ce."

"Ɗaya kawai. A rufe bakin mutane, shi ke nan."

Na shiga da almakashina a hannu ban ma sani ba. Na gaya masa duk abin da ke bakina, na ce in shaida yake so ya jera takwas ɗin a bakin titi. Ya ce waɗannan tsohon labari ne, mai saye sabo yake son gani. Yaya ce ta riƙe ni tana cewa in yi haƙuri kada mutane su taru. A ranar ya kai ta wani ƙaramin asibiti inda ba a san ta ba, aka cire.

Da cikin ya fito, ya sayi sabuwar kujera mai hannu ya matso da ita har bakin kwalta, inda mai kantin tsallake zai riƙa gani. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Direbobi suna wucewa suna ɗaga masa babban yatsa, ciniki ya dawo har ya fi da. Tukunya ɗaya ta daina isa, ya ƙaro ta biyu, kuma ita ke tsaye a kansu har watan haihuwarta. Ina kai mata ruwan sanyi a roba ta sa ƙafa, in mai saye ya doso Mai Zuma ya yi mata ido ta ture robar ƙarƙashin kujera.

Ta haifi namiji da hantsi. Kafin la'asar ta rasu, jinin ya ƙi tsayawa. Likitar mai tabarau ta fito ta dubi Mai Zuma, ta miƙo mini jaririn. Na tsani mutumin nan a wannan lokacin, kuma har yau ban rage ba.

Da aka gama zaman makoki ya buɗe shago. Akwai sauran kwalaben da ta ɗura da hannunta jere a kan kantar shagon. Ina kan keke da jaririn a bayana, na ji wani ya shigo yana masa ta'aziyya, daga nan ya yi ƙasa da murya ya tambayi haɗin. Mai Zuma ya yi ajiyar zuciya.

"Zan ba ka, amma don Allah cokali ɗaya. Ka ji tausayin iyalinka. Ni biyu nake sha, ka ga abin da ya samu uwar yara."

Mutumin ya ce a ba shi kwalba biyu.

Kafin azahar maganar ta zaga tasha. Na leƙa na ga layi har bakin kwalta, har da masu zuwa kantin tsallake. Can Mai Zuma ya ƙwanƙwasa katakon da ke tsakaninmu.

"Ƙanwata, fito da shi su gani."

Na ƙara taka keken kamar ban ji ba. Sai ga shi ya shigo da kansa, ya tsaya a kaina, ya ce cikin ladabi, yadda na waje za su ji, ai ɗansa ne. Ya kwance goyon daga bayana. Yaron yana barci, ya farka ya fara kuka. Ya fita da shi, ya zauna a kujerar Yaya, ya ɗaga shi sama yana juya shi dama da hagu. Na ji wani daga bayan layi yana cewa a ajiye masa uku kafin su ƙare.