Yashin Ƙofar Gidan Surukina

Shekarar da na yi aure na sayi keke, kuma in za a faɗi gaskiya, a makonnin farko ban san wanda na fi ɗoki ba tsakanin amaryar da keken. Ɗinki nake yi a ƙauyenmu, ranar kasuwar Ɗanbatta in ɗaure riguna da huluna a bayan keke in kai. Hanyar kasuwar miƙaƙƙiya ce, tsohuwar turba da kakana ya ce tun kafin zuwan Turawa fatake ke bin ta da jakuna. Tana hawa tudu sannan ta gangara, kuma a ƙarshen gangaren nan, daidai gindin wata tsamiya, gidan surukina yake.

Kowa ya san ƙa'ida. In ka doshi ƙofar gidan suruki, tun daga nesa za ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka turo kekenka, ka durƙusa ka yi gaisuwa. Ni ma na sani sarai. Abin da ya ja ni kawai, ina so a ga keken yana tafiya, ba ana tura shi ba. Na ce bari in gangaro a kai, in kaɗa ƙararrawa, sannan in sauka a natse kamar wani malamin gona. Ban yi shawara da yashin da ruwan damina yake tarawa a gindin gangaren ba. Tayar gaba ta nutse, keke ya tsaya cak, ni kuwa ban tsaya ba. Na faɗi rub da ciki a gaban tabarmar dattawa, wandona ya tsage ta baya, hulata ta gangara har ƙafar surukina. Tela guda, da yagaggen wando, a gaban mutumin da ya ba shi 'ya.

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Surukina ya ɗauki hular, ya kaɗe ta, ya miƙo mini.

"Sannu, Malam," ya ce. "Ba ka dai ji ciwo ba?"

Har yau ban san amsar da na ba shi ba. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tattara riguna daga cikin yashi, na ja bakin rigata na rufe bayana, na tura keke da hannu ɗaya har na fita daga garin.

Daga ranar na daina bin hanyar. Da kasuwa ta zagayo sai na karya ta arewa, na shiga burtalin da Fulani suke kora shanu, mai shingen aguwa dama da hagu. Ya fi tsawo, ga ƙaya, amma babu tsamiya a cikinsa. Da ƙaya ta ishe ni da faci na nemo wata hanyar ta fadama, inda ake noman rake, ka wuce masu dafa mazarƙwaila ƙamshi yana bin ka har kan tudu. Daga baya na gano wata ta bayan marina, da wata doguwa da take lanƙwasawa ta wajen Bici, wadda ko mahaukaci ba zai ce hanyar Ɗanbatta ce ba.

Ƙasarmu ba daji ba ce. Gona ce take kan gona, zakaran wannan ƙauye yana jin caran na wancan, kuma tsakanin kowace gona da 'yar'uwarta akwai 'yar siririyar hanya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na san tudun da ake hawa a tsaye kan feda, da wanda sai an sauka. Na san rijiyar da ruwanta yake da daɗi, da kukar da ake hutawa a gindinta, da gidan da karensu ba ya son keke. Da damina gero yakan fi ni tsawo ko ina kan sirdi, in yi ta tafiya cikin kore ban ga kowa ba. Da kaka kuwa sarari yake buɗewa, daga kan tudu ka hango tarin gyaɗa a gonaki da sababbin rumbuna. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hanyoyin nan ƙwarai, sai dai duk sanda na hau tudu na hango kan tsamiyar nan daga nesa, daɗin yakan ragu.

Abin dariya, sai ga shi na yi suna. Abokaina masu kekuna suka riƙa bina ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in ja su mu zaga karkara mu dawo kafin magariba. In wani ya tambaye ni dalilin da nake barin gajeriyar hanya in bi doguwa, sai in gyara hula in ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Su yi ta gyaɗa kai, wai na faɗi magana.

Gaisuwar Sallah kam ba a fashinta. A ƙafa nake zuwa, cikin ayarin 'yan'uwana, mu ɓullo ta bayan gari, in tsuguna can ƙarshen zaure kaina a ƙasa. Ban taɓa ɗaga ido na dubi wajen tsamiyar ba.

Matata 'yar fari ce. Wanda ya san kunyar ɗan fari ya san abin da wannan yake nufi: mahaifinta ba ya faɗin sunanta, ba ya zuwa gidanta, ba ya tambayar lafiyarta a gaban mutane. Duk ranar kasuwa in na dawo takan karɓi kaya, ta kawo ruwa, sannan ta ce, "Ka ga Baba?" In ce yau ta fadama na bi, ko ta burtali. Ta ce to. Da tafiya ta yi tafiya sai ta daina tambaya, ni kuma na ji sanyi a raina, don ban fahimci komai ba.

A damina ta biyu tana da ciki zazzaɓi ya kwantar da ita, har hankalinmu ya tashi. Mahaifiyarta ta zo ta yi jinya ta koma tun kafin sauƙi ya samu sosai. Da safiyar kasuwa ina ɗaure kaya, sai ga ta ta fito tana dafa bango.

"Malam," ta ce, "yau ka bi ta gidanmu."

Na ce hanyar akwai yashi.

"Baba ya san ba ni da lafiya. Ba zai aiko ba, ba zai tambayi kowa ba. In ya gan ka ka wuce kasuwa da kayanka, ya san na tashi. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Ba ta taɓa roƙona wani abu a kan wannan ba. Na hau keke na kama tsohuwar turba. Tun daga kan tudu na sauka, na tuɓe takalmi na rataya, na fara gangarowa. Surukina yana nan a gindin tsamiya, shi da wani amininsa, tsoho mai yawan barkwanci. Ina tafe ina jiran ƙafata ta nutse cikin yashin da na sani, sai na ji ta taka abu mai ƙarfi. Na duba. Babu yashi. Marmara ce ja aka zuba tun daga tsakiyar gangaren har gaban tsamiya, an daɓe ta kamar tsakar ɗakin amarya.

Na jingine keke na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi gona, ya tambayi ɗinki. Sannan ya kau da kai ya dubi hanya.

"Mutanen gidan fa?"

"Da sauƙi sosai, Baba. Yau har tsakar gida an fito."

Ya ce alhamdu lillahi a hankali, na kuma ga yadda kafaɗunsa suka sauka.

Aminin nasa ne ya kasa haƙuri. "Kai Malam, ka wahalar da jakina," ya ce. "Tun makon da ka sha ƙasa a nan surukinka ya are shi yana ɗebo marmara daga bakin kududdufi. Wai yashin ƙofarsa ne ya kayar da kai, kunya ta hana shi sakewa. Duk ruwan da aka yi yashi ya dawo, shi kuma ya fito da fartanya da safiyar kasuwa ya kwashe, ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Har na ce masa, anya yaron nan bai sayar da keken ba?"

"Kai dai ba ka iya bakinka ba," in ji surukina.

Kunyar da na ji ranar da na faɗi ba komai ba ce a kan ta wannan safiyar. Ina durƙushe, idona a kan marmarar, ina ganin sawun fartanya sabo a gefenta, na yau. Duk tudun da na hau, duk burtalin da na ratsa ina yi wa abokaina karin magana, mutumin nan yana zaune a nan yana jiran keke ya wuce don ya san 'yarsa tana lafiya.

Surukina ne ya sallame ni, ya ce rana tana yi, kada kasuwa ta ci babu ni. Na miƙe na kama keke, har na fara turawa sai ya ƙara magana, bai dube ni ba.

"In za ka dawo, Malam, ba sai ka zagaya ba. Wurin ya yi ƙarfi yanzu."