Ƙarshen Littafina Ya Bi Ƙosai

Har na kai aji biyar a sakandare ban taɓa karanta littafi daga farko zuwa ƙarshe ba. Ba ni kaɗai ba ce. Littattafan manhaja taƙaitawarsu muke haddacewa, mu juye a jarrabawa, mu karkaɗe hannu. Ni kuwa karatuna na tafiyar hawainiya ne, sai na bi layi da yatsa, kafin in kai ƙasan shafi na manta abin da ke samansa.

A shekarar aka kawo mana sabuwar malamar Turanci, wata doguwa 'yar unguwar Herwagana ta nan Gombe, mai dariya da dukan jikinta. Ran Alhamis ta shigo ba alli ba littafi, ta ɗare kan tebur, ta ce daga yau darasin ƙarshe na kowace Alhamis namu ne. Kowa ya zo da littafin da ransa ke so, na Turanci ko na Hausa, ya zauna ya karanta abinsa. Ba gwaji, ba maki. Sharaɗinta ɗaya ne: kafin hutu kowa ya kai ƙarshen nasa, ya tashi ya gaya mana yadda aka ƙare.

Ƙawata da muke benci ɗaya, wata 'yar Barunde mai bakin tsiya, ta ɗaga hannu. "Malama, ko da na lob ne, irin na soyayya?"

"Ko na kiwon kaji ne. Ke dai ki gama shi."

Aji ya ɗauki ihu. Ni kam ban taya su ba, don a gidanmu a unguwar Arawa, in ka cire littattafan addini da na makaranta, takarda ɗaya ce ke shigowa: ta naɗe ƙosai.

Mahaifiyata, Dada muke ce mata, tana suyar ƙosai a bakin titi tun kafin a haife ni, kuma abin alfaharinta a duniya shi ne ƙosai bai taɓa ƙone mata ba. Tana sayen tsofaffin takardu a buhu. Kowace sai ta juya ta gaba da baya, in ta ga harafin Larabci ta ware gefe, ba za a naɗe abinci da sunan Allah a yar a kwata ba. Boko kam ba ta yi ba, allo ta yi, sai Islamiyyar matan aure.

A cikin buhun nan na tona na ciro wani littafin Hausa ba bango, ba sunan mai shi. Na roƙe ta. Ta auna shi a hannu, ta ce wannan ai naɗin sati guda ne. Muka yi yarjejeniya: in karanta, duk abin da na gama ya koma nata.

Labarin wani direban babbar mota ne da ya tsinci jariri a bayan motarsa, cikin buhunan wake, bai san a wace tasha aka sa masa shi ba. Sai ya juya yana bin garuruwan da ya ratsa yana neman uwar. Alhamis ta farko shafi kaɗan na ci. Gefena ƙawata na ta ƙyalƙyala ita kaɗai, wani yaro a baya ya duƙufa kan littafin gyaran waya, Malama ma ta cire takalmi tana karanta nata. Ban taɓa jin ajinmu ya yi tsit haka ba tare da bulala ba. Kafin wata guda na daina jiran Alhamis. Ina surfen wake littafi na gefe, ina tsaron tukunya yana kan cinyata. Wata rana na lura yatsana ya daina bin layi, ban ma san ranar da ya daina ba. Daɗi ya kama ni har na rasa wanda zan gaya wa.

Na wuce rabi nesa, direba ya kusa tashar ƙarshe, sai na ce da Dada, "Farkon duk na gama, in kin matsu ki ɗiba."

Damina ce. Wata Litinin ruwa ya shiga rumfa ya jiƙa buhun takardu sharkaf. Da na dawo makaranta na ɗauko littafina a kan taga, na ji ya rame. Na buɗe. Farkonsa na nan cif, ƙarshen ne babu.

Na kurma ihu har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

"Ke lafiya? Ba ke kika ce in ɗibi farkon ba?" in ji Dada. Ta karɓi littafin ta buɗe shi ta hannun dama, yadda take buɗe na Islamiyyarta, ta nuna mini inda ta yaga. "Ga shi nan, daga bismillarsa na fara."

Ina kuka ina bayani cewa na boko ta hagu yake farawa. Ta tsaya tana kallona, ta kalli littafin, ta ce, "To su kuma wa ya aike su su fara daga baya?" Dariya ta ƙwace mini cikin hawaye, amma raina a ɓace yake. Littafi ɗaya tak na taɓa kusan gamawa, ga hutu ya matso, ga ƙarshensa ya watsu cikin Gombe da ƙosai.

Washegari, kafin in tafi makaranta, na ji Dada na shela a bakin kasko: duk wanda ya dawo da takardar jiya yana da gyara mai tsoka. Mutanen Arawa kuwa ba sa wasa da gyara. Aka yi ta kawo takardu: tsohuwar jarida, takardar jarrabawar wani da ya ci sifili a lissafi, har da ta buhun siminti. Dada ba ta iya bambancewa, kowa ta zuba masa. Ran Asabar sai da ƙawata ta zo daga Barunde ta zauna a kan benci tana tantancewa, tana korar 'yan damfara. "Oga, wannan risit ne fa, ka ji tsoron Allah!"

A hakan aka sami na gaske. Mai shayi ya zaro biyu daga ƙarƙashin teburinsa, wani ɗan acaɓa ya ciro ɗaya a aljihu duk ta dunƙule, tela ya kawo wadda ya rubuta awon wando a gefenta. Da na ba Malama labari sai da ta riƙe ciki don dariya. Ta sa muka jera takardun a gilashin tagar aji. Mai ya ratsa su, rubutun gaba da na baya sun haɗe, sai ka karkata kai kafin ka gane. Ajin gaba ɗaya ya bar nasa ya dawo kan direbana. Muka bi shi har ƙofar tashar ƙarshe, ya sauko da yaron a kafaɗa, sai takarda ta ƙare. Falle ɗaya ya rage, kuma shi ne babu.

Ƙawata ta ce in ƙirƙiro ƙarshen kawai, wa zai sani? Malama ta ce ko a haka ta karɓa. Ni ce ban karɓa ba. So nake in ga inda rubutu ya tsaya, farin takarda ya biyo baya, in san da idona na kai.

Ana jibi Alhamis ta ƙarshe, da safe ina taya Dada zuba yaji, sai ga wani dattijo ɗan fansho da ke sayen ƙosai duk Litinin in zai je duba jikokinsa. Ba ranarsa ba ce. Ya gaisa da Dada, ya ce ya ji ana cigiya. Ya buɗe jakar tabarau ɗinsa ya fito da takarda a ninke, ya ma goge ta da dutsen guga.

"'Yata, ke ce mai littafin? Ni ɗabi'ata ce, duk abin da aka naɗo mini sai na karanta. Wannan kuwa ya hana ni sakat. Na san yadda aka ƙare, ban san su wane ne ba. Ga sharaɗina: in kin gama, ki ara mini farkon."

"Baba, har bangon da babu zan ara maka!"

Na karɓa, zan ruga ciki, Dada ta ce, "Ina za ki? Zauna nan. Na ciyar da rabin unguwa a kan takardar nan, sai na ji abin da ke cikinta."

Na zauna a kan bencin masu saye, da kayan makaranta a jikina. Na taƙaita mata labarin direba da jariri, sannan na fara karanta fallen a bayyane, ni da ko a aji ban taɓa yarda an ji muryata ba. Dattijo na gyaɗa kai, shi da ya riga ya sani. Direba ya shiga tasha, ya tarar da wata mace mai tuwo-tuwo a bakin ƙofa, wadda tun ranar da aka raba ta da ɗanta ta kafa tukunya a wurin, duk motar da ta tsaya sai ta leƙa bayanta.

Sai na ji ƙauri. Na ɗaga kai, kasko na hayaƙi, ƙosai ya yi baƙi ƙirin, matsami na hannun Dada ko motsi ba ya yi.

"Dada, ƙosai!"

Ko kallon kaskon ba ta yi ba.

"Bar shi," ta ce. "Ƙarasa min. Ta gane shi?"