Abin Da Na Zuba A Rubutun Inna

Ni ne babba a ɗakinmu, kuma ni na koya wa ƙanena hawa babur. Karatuna bai wuce firamare ba. Daga nan Baba ya kai ni warsha, wato wurin gyaran babura, a kasuwar Sahafa da ke Khartoum, a nan na girma har na buɗe tawa. Ƙanena ya biyo ni, amma hannunsa bai zauna da sifana ba. Shi gudu yake so. Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya shiga cikin masu tseren babur a kan turɓaya da tuddai, irin waɗanda ke tashi sama su dire. A Aljirif suke atisaye, a tsofaffin ramukan masu buga bulo kusa da kogi. Ni ne makanikensa. Sunana yana cikin takardar ƙungiyar masu tseren a ƙarƙashin nasa.

A shekarar da nake magana, ƙungiyar ta ce za a yi tseren tantancewa, mutum biyu na farko za su tafi gasa a ƙasar waje. Aka raba musu takardar dokoki a kan ƙwayoyi. Ƙanena ya karanta mini ita a warsha, domin ya fi ni Larabci. Abin da na riƙe a ciki layi ɗaya ne: duk abin da aka samu a jikin ɗan tsere laifinsa ne, ko ya san da shi ko bai sani ba.

Daga ranar ya zama wani mutum. Ba ya shan ruwa sai na robar da ya ɓalle murfinta da hannunsa. Ko mai shayin da ke zama a bakin warshata, wadda ta san shi tun yana yawo ba takalmi, ya daina karɓar kofinta.

"Ya zol, bawan Allah, shayin nawa ne ya zama guba yau?" in ji ta.

"Khala, ba shayinki ba ne, doka ce," in ji shi. Haka muke kiranta, kamar a ce gwaggo.

"To dokar ta dafa maka. Da kana sha kyauta ai ba ka san doka ba."

Ya yi dariya, amma bai sha ba.

Abu ɗaya ne bai taɓa mayarwa ba, shi ne rubutun Inna. Mahaifiyarmu tana da ɗan kawu malami a Omdurman, wanda har Larabawa ke zuwa wurinsa karɓar mihaya, kamar yadda suke kiran rubutun sha. Duk jajiberin tsere sai ta yafa tobinta ta haye gada zuwa wurinsa, ta dawo da 'yar kwalba a ƙulle a gefen mayafi. Ba ta zuwa filin, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ni take miƙa wa, ta ce, "Kai ne babba, ka ba shi da hannunka."

Na taɓa tsokanarsa na ce, "Wannan kwalbar fa? Ba kai ka ɓalle murfinta ba."

Ya ce, "Yaya, tawada ce da ƙaro da ruwa. Daga hannun Inna zuwa naka. Wa zan tsorata a nan?"

Saura kwana goma tsere ya faɗi a Aljirif, wuyan hannunsa na dama ya kumbura, hannun da yake murɗa wuta da shi. Likita ya ce ba karaya, amma ya huta. Bai huta ba. Ina ganinsa yana cije leɓe duk lokacin da ya dire. Na je wurin wani mai sayar da magani a bayan kasuwa, na karɓo ƙwayar kashe ciwo mai ƙarfi, irin wadda masu dako suke sha. Na nuna masa. Ko taɓawa bai yi ba.

"Kai ka sha, Yaya, kai ne mai kukan ciwon baya."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tausayinsa ne ya sa ni. Akwai tausayin, amma ba shi kaɗai ba ne. Wanda ya ci zai tafi da makanikensa. Ban taɓa shiga jirgi ba, ban taɓa fita Sudan ba, kuma ina so maƙwabtana a kasuwa su ga na rufe warsha na ce musu na yi tafiya.

Ranar tseren da hantsi, na zagaya bayan motar da muka ɗauko babur. Na sa ƙwaya biyu a takarda, na murƙushe su da gindin sifana, na zuba a kwalbar Inna na girgiza. Baƙin tawada ya shanye su, ba alama. Da na miƙa masa har bismilla na yi. Ya juya gabas ya sha kurɓi uku kamar yadda ya saba, ya yamutsa fuska.

"Yau Malam ya cika ɗaci."

Na ce, "Sha dai."

Ya zo na biyu. Muna cikin rungumar juna wani mutum mai kati rataye a wuya ya dafa shi, ya ce ya biyo shi. Ni a zatona sai a ƙasar waje ake gwajin nan. Suka shiga wata rumfa, ya ba da fitsari aka raba a kwalba biyu aka liƙe, ya sa hannu. Ya fito yana dariya, yana cewa bai taɓa ganin an girmama fitsari haka ba. Ni na tsuguna ina kwance sarƙar babur da ba abin da ya same ta.

Bayan 'yan makonni takarda ta zo. An samu haramtacciyar ƙwaya, an dakatar da shi har a zauna a kan maganar. Wanda ya zo na uku aka ba gurbinsa.

Tare muka je ofishin ƙungiya a Khartoum. Sakataren dattijo ne, tsohon ɗan tsere mai ɗingishi, kuma yana son ƙanena. Ya ce mana hukuncin shekara biyu ne. Amma idan aka nuna yadda abin ya shiga jikinsa, aka tabbatar wani ne ya ba shi bai sani ba, ana iya ragewa ya koma 'yan watanni.

Ƙanena ya ce, "Shi kuma wanda ya ba ni fa?"

"Idan yana cikin masu aiki da kai, shekara huɗu ce mafi ƙaranci. Ba fili, ba taɓa babur ɗin ɗan tsere." Ya miƙo masa farar takarda. "Ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka a makon nan, ko tsinken sakace ne."

A warsha muka zauna ya rubuta, ni ina tuna masa. Ful, wato dafaffen wake, da safe. Kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa. Ruwan roba. Man zafin da ya shafa a hannu. Da ya kai ranar tseren sai ya tsaya, ya daɗe yana kallon biro.

"Ba zan sa rubutun ba," in ji shi.

Ya ajiye biron, ya ci gaba.

"Wataƙila Malam ya haɗa da wani sassaƙe, ko almajiransa sun wanke allo a kwanon da aka jiƙa magani. Ban sani ba. Amma ba zan sa a kira Inna gaban mutanen nan a yi mata tambayoyi ba. Ko kuwa, Yaya?"

Na ce, "Gaskiyarka."

Inna ba ta karatu, amma ba a ɓoye mata abu a gida. Da ta ji cewa wani abu ne da ya sha, ita da kanta ta lissafa, ta ga abu ɗaya ne ya sha wanda ba shi ya buɗe ba. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dai daina haye gada. Ɗan kawun nata ya aiko yana tambayar ko lafiya, ta ce a gaya masa ƙafa ke damunta. Ta shiga azumin Litinin da Alhamis. Wata rana da la'asar ina wanke hannu a tsakar gida, ta ce mini daga kan gadonta na igiya, "Ni na je da ƙafata na ɗauko wa yaron nan abin." Na ce mata ƙaddara ce. Da bakina na faɗa, sabulu yana hannuna.

Ranar zama mutum uku ne a bayan tebur, ɗaya mace ce likita. Fanka tana juyawa a sama amma gumi ya jiƙa mini riga. Suka tambaye shi, ya rantse bai sani ba. Suka ce sun ji, amma rantsuwa ba ta isa ba, dole a nuna hanya. Daga nan likitar ta juyo gare ni.

"Kai ne makanikensa, kuma yayansa. Kana tare da shi tun safe. Ka ga wani ya ba shi wani abu?"

Ƙanena ya kalle ni. Na san abin da idonsa ke roƙo: kada in ambaci Inna. Sai na ɓuya a bayan wannan roƙon. Na ce ban ga kowa ba.

Shekara biyu suka yanke. Suka ce yana da mako uku ya ɗaukaka ƙara idan ya samu sabuwar hujja.

Makonni ukun nan ban san yadda zan kwatanta su ba. Ba a yarda ya yi atisaye da sauran ba, ko filin Aljirif ba ya shiga ranar da ƙungiya ke wurin. Ya karɓi raksha, babur mai ƙafa uku, yana jigila tsakanin Sahafa da Mayo. Babur ɗin tseren yana warshata a lulluɓe da buhu, duk inda na juya sai na yi karo da shi. Kullum da safe ina cewa yau zan faɗa. Idan na faɗa wa ƙungiya, Inna za ta ji abin da na zuba a cikin ayoyin Allah. Idan na yi shiru, tana can tana azumi a kan laifin da ba nata ba. Sau biyu na hau bas har ƙofar ofishin. Na farko na tsaya a inuwar bishiya na sha ruwan karkade, wato zoɓo, na dawo. Na biyu na shiga, sakataren ya ce, "Marhaba, akwai labari?" Na ce na zo gaishe shi ne.

Na san ranar da wa'adin zai cika, domin takardar tana aljihuna. Na bari ta wuce. Washegari da azahar ya shigo warsha da raksharsa, birki na ƙara. Yana tsugune yana riƙe mini taya na gaya masa. Ban yi dogon bayani ba. Na ce ƙwaya biyu, gindin sifana, bayan mota.

Bai saki tayar ba.

"Jiya ka san wannan?"

"Na sani."

"Ranar da nake rubuta ful da kisra, kana zaune kana tuna mini?"

"E."

"Kuma sai yau."

Na ce ko yanzu zan je in faɗa musu, su yi mini abin da za su yi. Mun je ɗin, da yammacin ranar. Sakataren ya saurare ni har ƙarshe bai kalle ni ba. Ya ce zai kai maganata gaba, kuma nawa hukuncin ba shi da wa'adi, zai zo. Amma na ƙanena lokacinsa ya wuce, kuma maganar ɗan'uwa bayan an rufe ƙofa, ba kwalba ba shaida, da wuya a saurare ta. Haka kuwa aka yi. Ni aka ba ni shekara huɗu. Shi ba a rage masa ko kwana ɗaya ba.

A hanyar dawowa daga ofishin a ranar, a raksharsa muka zo, ina zaune a baya kamar fasinja. Muka shigo layinmu. Ya tsaya nesa da gida kaɗan, bai kashe inji ba, bai kuma juyo ba.

"Sauka. Inna tana ciki, yau Alhamis, ba ta sha ruwa ba tukuna. Ka shiga ka gaya mata kafin magariba. Ni ina da fasinja a Mayo."

Na sauka, ya ja ya tafi.